Yadda ake zagaya kudancin Jamus da mota a hunturu: garuruwa, duwatsu da wuraren yaƙin Hitila

Kusan duk shekara in Disamba ta kama sai wani ya kira ni, ko ɗan'uwa da ya zo daga gida ko ɗalibi sabon zuwa, yace yana so ya ɗau mota ya ga dusar ƙanƙara da idonsa, ya kuma ga wuraren nan da muka taso muna jin tsofaffi suna kira yaƙin Hitila. Na bi wannan hanyar sau da yawa, da iyali, da baƙi, da ni kaɗai, shi yasa nace bari in rubuta yadda nake yi kowa ya samu.

Hanyar ita ce: Munich, Dachau, Nuremberg, Rothenburg, Füssen, Garmisch-Partenkirchen, Berchtesgaden, sai a dawo Munich. Kusan kilomita 1,000 ne gaba ɗaya, kwana 7 ko 8. Kafin komai ka riƙe wannan: a Disamba rana bata fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin 4 da rabi na yamma kuma ta faɗi. Awa takwas kake da su, su ma rabinsu hazo ne. Duk wanda naga tafiyarsa ta lalace to tsari ya cika, yana so ya ga gari uku a wuni ɗaya, ƙarshenta yana tuƙi cikin duhu a kan ƙanƙara a gajiye. Wuri babba ɗaya a rana, shikenan.

Kayan da zaka tanada

Takardu: fasfo da bizar Schengen, inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, lasin tuƙinka na gida haɗe da na ƙasa da ƙasa, su biyun tare don ɗaya baya aiki ba ɗaya. In zama kazo yi ba ziyara ba, lasin gida wata 6 kawai yake maka aiki. Sai katin kiredit mai sunanka, don kamfanonin haya da shi suke riƙe kuɗin ajiya, da yawansu basa karɓar na wani.

Na jiki: riguna masu kama jiki na ciki, suwaita, babbar jaket wadda ruwa baya ratsawa, hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safa mai kauri, da takalmi mai gurzajjen ƙasa. Takalmin nan kar ka yi masa rowa, kambas mai santsin ƙasa shi ke kayar da mutane. Man shafawa da na leɓe ma, fata tana tsagewa fiye da yadda take yi da hunturun gida.

Na mota: abin kankare ƙanƙara daga gilashi, ɗan buroshin share dusa, ruwan waifa na sanyi wanda baya daskarewa, bargo, filas na shayi, fawa banki don sanyi na shanye batirin waya da wuri, da tsabar kuɗi saboda banɗakunan kan hanya na kuɗi ne kuma ƙananan shaguna da yawa sai kash. Rigar gargaɗi mai ƙyalli, alamar kusurwa uku da akwatin taimakon gaggawa doka ce su kasance a motar, ka buɗe but ka gani da idonka. Sai wani ɗan faifai shuɗi mai kamar agogo, Parkscheibe suke ce masa, wanda ake juyawa a nuna lokacin da aka yi fakin.

1. Karɓar mota

Yawancin motocin haya a nan masu giya ne, in otomatik ka saba to ka faɗa tun wajen bukin. Kar ka zaɓi ƙatuwar mota don burga, titunan tsofaffin garuruwa da wuraren fakin matsattsu ne.

In an baka makulli kar ka shiga tukuna, durƙusa ka duba gefen taya. Kana neman hoton dutse mai ƙololuwa uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Tun watan Oktoba 2024 rubutun M+S shi kaɗai ya daina wadatarwa. In aka kama ka kana tuƙi kan dusa ko ƙanƙara ba tayar hunturu tarar yuro 60 ce, amma tarar ita ce ƙaramar matsala, babbar ita ce birki bazai kama ba. Akwai shekarar da wani kamfani ya bani mota da tayar bazara a tsakiyar Janairu, sai da na koma kanta na tsaya kai da fata kafin suka canza min, na rasa awa guda amma da ban duba ba da ita zan hau dutse. Ka ɗau bidiyon jikin motar gaba da baya, ka tabbata akwai koriyar sitika a gilashin gaba wadda ake shiga tsakiyar Munich da ita, ka tambaya dizal take sha ko fetur, sannan ka gaya musu in akwai yiwuwar ka leƙa Ostiriya.

2. Ka san dokar hanya kafin ka hau Autobahn

Mutane suna jin wai a Jamus ba iyakar gudu. A wasu sassan Autobahn, wato manyan hanyoyinsu, haka ne, amma shawarar hukuma kilomita 130 ce a awa, wurare da yawa kuma akwai allo da kyamara. Cikin gari 50, bayan gari 100, unguwanni da yawa 30. Zauna a layin dama, na hagu na wuce mota ne kawai ka wuce ka dawo, kuma ba a wuce mota ta dama sam. Kafin ka fita hagu duba madubi sau biyu, motar da ka hango kamar ɗigo cikin daƙiƙa kaɗan tana bayanka. In gosilo ya haɗu, masu layin hagu su matsa can hagu, sauran duk su matsa dama, a bar hanya a tsakiya don motar asibiti, kuma ana yi ne tun kafin aji jiniya. A mahaɗar da ba allo ba danja, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, wannan ita ce ke cin baƙi. Ƙarewar mai a kan Autobahn laifi ne, in tanki ya kai kwata ka sha. Kai zaka zuba da kanka sannan ka shiga ciki ka faɗi lambar famfo ka biya, kuma gidajen man cikin gari sun fi na bakin Autobahn sauƙi nesa ba kusa ba. Lambar gaggawa 112.

Alluna da Jamusanci suke: München ita ce Munich, Nürnberg ita ce Nuremberg, Ausfahrt kuma mafita ce.

3. Safiya da tuƙin ƙanƙara

Ka ware minti 15 kowace safiya. Zaka fito ka tarar gilashi ya yi fari fat, ya yi tauri kamar an shafa masa siminti. Kar ka kuskura ka zuba ruwan zafi, gilashin zai iya tsagewa. Kar kuma ka ja waifa alhali ta manne, robar zata yage. Sa safar hannu, share dusar rufin mota da bonet da fitilu, sannan ka kankare duka gilasan, ba 'yar taga daidai fuskarka ba. Barin inji yana aiki a tsaye don mota ta ɗumama ma haramun ne a dokarsu, maƙwabta zasu yi maka magana.

A kan hanya komai a hankali ake yi, totur a hankali, birki a hankali, sitiyari a hankali, tazara kuma ninki uku na wadda ka saba. In motar tayi ƙara ta nuna maka digiri 3 ko 4 to tana gaya maka ne titi na iya daskarewa. Wanda ya fi haɗari ba farin da kake gani bane, shi ne baƙin titi mai ɗan sheƙi kamar an yi yayyafi, musamman kan gada da cikin inuwar daji. In kaji bayan mota na zamewa ɗaga ƙafa daga totur, ka kalli inda kake son zuwa ka bi da sitiyari ba fizga. A gangara sauko da giya ƙasa inji ya riƙe ka, kar ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa. In kaga allo shuɗi zagayayye mai hoton taya da sarƙa, to ba a wucewa sai da sarƙa a taya, da ita kuma ba a haura 50. In baka taɓa ɗaurawa ba, juya ka nemi wata hanya ko ka hau bas.

4. Dachau

Minti 30 ne ko ƙasa da haka daga Munich. In baka karɓi mota ba tukuna jirgin S2 zai kai ka garin, sai bas 726 zuwa ƙofar. Shiga kyauta ne, daga 9 zuwa 5. Kazo da safe kuma kar ka sa komai a bayansa ranar, awa huɗu zai ci maka, zuciyarka ma bazata so wani yawo ba.

An buɗe wannan sansanin gwale-gwale a Maris 1933, makonni kaɗan da hawan Hitila mulki, da farko don 'yan adawar siyasa, daga baya Yahudawa, malaman coci, 'yan ƙabilar Roma, fursunonin yaƙin Sobiyat da mutanen ƙasashe da dama. Sama da mutum 200,000 aka tsare a nan da rassansa, kimanin 41,500 suka mutu, kafin sojojin Amurka su iso ranar 29 ga Afrilu 1945. Fara da gidan tarihin da ke babban ginin, sannan ɗakunan kwanan da aka sake ginawa, sai ka bi doguwar hanyar bishiyoyi zuwa inda ake ƙona gawarwaki. A can akwai allon tunawa da Noor Inayat Khan, musulma 'yar asalin Indiya da tayi wa Ingila aikin leƙen asiri a Faransa, aka kashe ta a nan a Satumba 1944.

Dalilin da yasa nake cewa a zo da hunturu shi ne filin ƙirgar fursunoni. Na taɓa kawo wani kawuna, muna tsaye a tsakiyar filin nan iska na yankar kunne, shi da riga huɗu da jaket da hula, na gaya masa a nan ake tsayar da mutane safe da yamma, wani lokaci awanni, da 'yar riga mai ratsi-ratsi. Sai ya cire safar hannunsa ya riƙe, ko minti biyu bai yi ba ya mayar, yace min "Ɗana, ɗan Adam ne yayi wa ɗan Adam wannan?" Har muka koma mota bai ƙara magana ba.

Ladabin wurin: nan maƙabarta ce. Ba dariya, ba salfi ana murmushi a bakin ƙofa, ba cin abinci, ba ɗaga murya a waya, ƙananan yara kuma gara a bar su. Sannan ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi ko zana alamarsu laifi ne a duk Jamus da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 3, ko da wasa kayi, ƙaryata kisan Yahudawa ma laifi ne. Ka gaya wa samarin da kake tare da su tun a mota.

5. Nuremberg, kwana biyu

Kilomita 170 a kan babbar hanyar A9. Aje mota a otal ka riƙa hawa jirgin cikin gari. Wuni ɗaya na filin gangamin jam'iyyar Nazi ne, inda suke taron shekara-shekara daga 1933 zuwa 1938: ƙaton zauren taron da basu gama ginawa ba, da dandamalin Zeppelin inda Hitila ke tsayawa yana jawabi. Gidan tarihin da ke wurin ya sha dogon gyara, duba shafinsu kafin ka je. A wannan gari ne aka shelanta dokokin 1935 da suka raba Yahudawa da 'yancinsu na 'yan ƙasa. Daga nan sai ɗakin kotu mai lamba 600, inda aka yi wa manyan gwamnatin shari'a daga 20 ga Nuwamba 1945 zuwa 1 ga Oktoba 1946, aka yanke wa 12 hukuncin kisa, aka sallami 3. Ni nafi son a bi su a haka, filin tukuna sannan kotun. Ranar Talata kotun a rufe take.

Wuni na biyu na tsohon gari ne da fadar da ke kan tudu. Kusan duk abin da kake gani sake gina shi aka yi, don bama-baman 2 ga Janairu 1945 sun baje shi. In kazo kafin 24 ga Disamba akwai kasuwar Kirsimeti a babban dandali. Kula da abinci: 'yan ƙananan tsiran garin nan da kowa ke yabo naman alade ne, abin shan nan mai zafi Glühwein giya ce, wanda ba giya shi ne Kinderpunsch. Kalmomi uku ka haddace, Schwein, Speck, Schinken, duk alade ne. Shagunan Turkawa masu döner, irin shawarma, suna ko'ina, tambayi na halal.

6. Rothenburg da gangarawa kudu

Awa ɗaya da 'yan mintuna. Fakin a wajen ganuwa, ka shiga da ƙafa, ka hau saman ganuwar ka zagaya, zaka ga sunayen mutanen da suka bada gudummawar sake gina ta bayan harin 31 ga Maris 1945 manne a bango. Rabin wuni ya isa. Ka kwana a nan in da hali, da daddare bayan motocin 'yan yawon buɗe ido sun tafi garin yafi kyau. Washegari ka bi A7 kai tsaye zuwa Füssen, kamar awa biyu da rabi. Akwai tsohuwar hanya mai bi ta ƙauyuka da suke kira Romantische Straße, tana da kyau amma a hunturu zata cinye maka hasken rana duka.

7. Füssen da Neuschwanstein

Neuschwanstein ita ce fadar da Sarki Ludwig na biyu ya fara ginawa a 1869. Sayi tikiti ta intanet tun da kwanaki, lokacin da aka rubuta maka kuma ba a ƙara minti. Mota bata hawa, a ƙasa ake fakin a Hohenschwangau, hawan ƙafa minti 30 zuwa 40 ne, in dusa tayi yawa bas baya aiki sai keken doki. Gadar Marienbrücke da ake ɗaukar hoton fadar daga kanta sau da yawa a rufe take saboda ƙanƙara, in ka tarar da shinge kar ka tsallaka. Ko wannan fada ma yaƙin ya taɓa ta, a cikinta 'yan Nazi suka ɓoye kayan zane da suka kwaso daga Faransa.

8. Garmisch da Zugspitze

Hanya biyu ce, kowacce kamar awa guda. Ɗaya ta ratsa Ostiriya ta Reutte da Ehrwald, ɗayar ta cikin Jamus ta Oberammergau da Ettal. In zaka ratsa Ostiriya fasfo ya kasance a aljihu, kuma in har ka hau Autobahn ɗinsu sai da sitikar kuɗin hanya. Sabon shiga ya bi ta Jamus.

Garmisch da Partenkirchen garuruwa biyu ne aka haɗe a 1935 saboda wasannin Olamfik na hunturu na 1936, filin wasan yana nan har yau. Zugspitze shi ne dutse mafi tsawo a Jamus, mita 2,962. Ana hawa da motar igiya daga tafkin Eibsee cikin kamar minti 10, ko da jirgin ƙasa mai haƙora. Tikitin da tsada, don haka duba kyamarar saman dutsen a shafinsu da safe, in fari kawai kake gani kar ka ɓata kuɗinka, je ka kwazazzabon Partnach in a buɗe yake, ko ka zagaya bakin tafki. In garau ne kuwa bar komai ka hau. Sa tabarau, hasken dusa yana kashe ido, kuma mai hawan jini ko asma ya taka a hankali a can sama.

Maganar sallah: lokutan sun matse, azahar wajen 12 da kwata, la'asar 2 da 'yan mintuna, magariba kafin 4 da rabi. Ni alwala nake yi a otal, in yi ƙasaru in haɗa kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi. In Juma'a ta same ka a yankin akwai masallaci mai kyau a Penzberg, kusa da A95 tsakanin Garmisch da Munich.

9. Berchtesgaden

In yanayi da kyau kuma kana da wuni guda, bi hanyar duwatsu Deutsche Alpenstraße. In ana zuba dusa koma A95 ka kama A8, awa biyu da rabi. A saman garin ne Obersalzberg, inda Hitila ya kori mazauna ya mai da wurin fadar mulkinsa ta biyu. Jiragen Ingila sun yi masa ruwan bama-bamai ranar 25 ga Afrilu 1945, a 1952 aka tarwatsa abin da ya rage na gidansa. Yanzu akwai gidan tarihi mai suna Dokumentation Obersalzberg, ta cikinsa ake shiga ramukan ɓuya na ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke tsaya min a rai duk zuwa shi ne ka leƙa taga kaga kyawun duwatsun nan, ka juyo bango kaga irin umarnin da aka riƙa bayarwa daga wannan wuri. Titin hawan yana da tsayi ƙwarai, in an kwana ana dusa bar motar a ƙasa ka hau bas daga tashar jirgi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi: zuwa don ginin Kehlsteinhaus na 'yan Nazi da ke ƙololuwa, mita 1,834. A rufe yake duk hunturu, sai wajen tsakiyar Mayu zuwa Oktoba. Maimakonsa je tafkin Königssee ka shiga kwalekwalen lantarki zuwa cocin St. Bartholomä, a tsakiyar ruwa zasu tsaya a busa ƙaho kaji duwatsu suna mayar da sautin. Tambayi lokacin kwalekwalen ƙarshe tun kana sauka, don ba titin dawowa.

10. Komawa

Kamar kilomita 150 ne zuwa Munich a kan A8, amma Asabar da Lahadi da yamma masu wasan zamiya suna cika hanyar, ƙara awa ɗaya a lissafinka in jirgi zaka kama. In tsarabar kanti kake so kar ka bar ta sai Lahadi, shaguna basa buɗewa, haka 25 da 26 ga Disamba, 1 da 6 ga Janairu, sauran ranaku ma a wannan jiha ta Bavaria ƙarfe 8 na dare sun rufe. Cika tanki a gidan mai na kusa da filin jirgi ka riƙe rasit, kwashe kayanka har ƙarƙashin kujera, ka sake ɗaukar bidiyon jikin motar da na mitar mai kafin ka miƙa makulli. In kyamarar gudu ta haska ka a hanya, takardar tarar zata biyo ka ta hannun kamfanin hayar bayan wasu makonni tare da nasu kuɗin aiki, ka biya da wuri.